Me Ya Sa Lakca Ke Shiga Kan Wani, Ta Wuce Ta Saman Kan Wani?

Ɗalibai biyu za su zauna a benci ɗaya, su saurari malami ɗaya har awa biyu, amma da an fito ɗaya zai iya kawo maka gundarin abin da aka faɗa, ɗayan kuwa ba abin da ya tsira da shi sai shafi huɗu na rubutun da shi kansa sai ya yi da gaske zai karanta. Abin da muka saba cewa shi ne wancan yana da kai, wannan kuma ba ya mayar da hankali. Wani lokaci hakan ne. Sau da yawa kuwa tun kafin su shigo ajin aka raba gari: ɗaya ya leƙa darasin jiya da dare, ɗayan yanzu ne kunnensa ya fara jin sa.

Kowa ya taɓa jin nasihar a riƙa karatu kafin shiga aji, kuma da yake ba a cika faɗin dalilinta ba, ɗalibai sun ɗauke ta irin maganar da malamai ke yi don sauke nauyi. Dalilin yana nan, kuma ya shafi yadda aka gina ƙwaƙwalwar ɗan Adam ne.

Duk sabon abin da mutum ya ji ko ya gani, kafin ya zauna masa a kai sai ya bi ta wata 'yar ma'ajiya ta wucin gadi, inda ake juya shi, a haɗa shi da abin da aka riga aka sani. Wannan ma'ajiya ƙarama ce ƙwarai. A 1956 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, George Miller, ya ƙiyasta cewa abu bakwai ne take iya riƙewa a lokaci ɗaya, ko sama da haka kaɗan ko ƙasa kaɗan. A 2001 Nelson Cowan ya sake bin bayanan binciken da aka tara, ya ce adadin ya fi kusa da huɗu. Kamar mazurari take a bakin kwalba: komai girman kwalbar, in ka tuttula man gyaɗa da sauri fiye da yadda mazurarin ke zurarwa, ƙasa zai zube. John Sweller na Ostireliya ya gina nazari guda a kan wannan tun ƙarshen shekarun 1980, cewa yawancin wahalar koyo daga cikar wannan ma'ajiya take tasowa.

To amma ga inda lamarin ke da daɗi. "Abu ɗaya" a wurin ƙwaƙwalwa ba shi da tsayayyen girma. Ya danganta da abin da ka sani. A karanto wa baƙon da bai san Nijeriya ba lambar waya, lambobi 11 zai yi ta kokawa da su. Kai kuwa da ka ji 0803, abu ɗaya ka ji, don ka daɗe da saninsa, saura bakwai kawai za ka kama. Haka lakca take. In malamin sinadarai ya kawo jimlar da ke ɗauke da sababbin kalmomi uku, wanda ya riga ya gamu da kalmomin zai bi ma'anar jimlar. Wanda bai taɓa jin su ba zai tsaya a ta farko yana tunanin yadda ake rubuta ta ma, kafin ya ɗago malam ya yi jimla biyar gaba. Daga nan zaren ya tsinke. Minti kaɗan bayan haka za ka ga hannunsa ya tafi aljihu neman waya, ko idonsa ya koma taga. Mai kallo daga nesa zai ce rashin mayar da hankali ne ya hana shi ganewa, alhali rashin ganewar ne ya fara zuwa, hankalin ya bi bayansa.

Ɗalibinmu kuma kayansa biyu ne. Wanda ya taso da Hausa a gida da unguwa, aka ce ya karanci likitanci ko shari'a da Ingilishi a Kano ko Zariya, ko da Faransanci a Yamai ko Damagaram, wani ɓangare na wannan 'yar ma'ajiya ya riga ya tafi wajen kama harshen kansa: lafazin malami, saurin maganarsa, kalmar da aka sani a rubuce amma ba a taɓa jin an furta ta ba. Abin da ya rage na bin tunanin malamin ba shi da yawa. Shi ya sa nake ganin amfanin leƙa darasi kafin lakca ya fi yawa a wurinmu fiye da wurin ɗan Ingila da ke karatu da harshen da ya sha a nono.

Akwai wani gwaji da John Bransford da Marcia Johnson suka wallafa a 1972 wanda ya fito da abin fili. Sun karanta wa mutane wani sakin layi da Ingilishi mai sauƙi, babu kalma mai wuya ko ɗaya. Abin da yake cewa a taƙaice: aikin ba wuya, da farko ka rarraba abubuwan kashi-kashi, in ba su da yawa tuli ɗaya ya isa, gara ka yi kaɗan-kaɗan da ka haɗa da yawa lokaci ɗaya, kuskure na iya jawo hasara, in an gama a sake jera su a mayar da kowanne wurinsa, kuma ba da daɗewa ba za a sake maimaita aikin. Waɗanda aka karanta wa haka nan kawai sun ce ba su gane ba, kuma kaɗan suka iya tunawa. Wasu kuma aka fara gaya musu cewa maganar wankin tufafi ce, sannan aka karanta. Waɗannan sun tuna kusan ninki biyu. Rukuni na uku su ne abin lura: an gaya musu wanki ne, amma sai bayan sun gama saurare. Ba su fi waɗanda ba a gaya wa komai ba.

Wannan rukuni na uku shi ne ɗalibin da ke cewa, "Bari dai in je in ji, in na dawo zan karanta." Zai karanta, zai ma iya ganewa daga littafin, amma awa biyun da ya zauna a aji sun tafi, ba za a dawo da su ba. Sanin inda magana ta dosa sai ya riga maganar zuwa sannan yake amfani.

Wanda ya yi karatun zaure ba zai ji wannan a matsayin sabon abu ba. Ɗalibin da ke ɗaukar Ahalari ko Iziyya ko Risala a gaban malami ya san ba a zuwa da littafi a rufe tun jiya. Sai ya yi muɗala'a: ya bi baƙin da za a ɗora masa, ya gwada wasulla, ya ga inda harshensa ke sarƙewa da inda ma'ana ta ɓuya. In ya zauna gaban malam shi ne zai ja baƙin, malam na fassarawa yana gyara, kuma kunnensa na jiran daidai wuraren nan da suka gagare shi. Wanda ya zo bai duba ba, a layin farko malam zai gane, sauran ɗalibai ma za su gane. Tsarin da kansa ne ke tilasta shiri. Ɗakin lakca mai ɗaukar mutum ɗari biyar ba ya tilasta wa kowa komai. Za ka iya gama zango guda ba wanda ya san ko ka taɓa buɗe littafi.

A Jami'ar Glasgow da ke Birtaniya, a shekarun 1990, Alex Johnstone da abokan aikinsa sun gwada wani abu da ɗaliban sinadarai 'yan shekarar farko. Ajin ya haɗa waɗanda suka zo da ƙwarin tushe daga sakandare da waɗanda tushensu ke da rauni, kuma kamar yadda kowa zai zata, sakamakon jarrabawa yakan bi wannan bambanci. Sai suka rage lokacin lakca, suka ware shi don ɗan zaman share fage kafin kowane sabon babi: a tuna kalmomi, a gwada 'yan tambayoyi, kowa ya ga inda yake da giɓi. A shekarun da aka yi haka, ba a iya gane wanda ya zo da rauni daga makin jarrabawarsa. Da aka daina, bambancin ya dawo. Michael Seery ya sami irin wannan sakamako daga baya a Dublin, da gajerun darussan share fage da ɗalibai ke dubawa ta intanet. Ma'ana, wanda ya fi cin moriyar shirin shi ne wanda ya fito daga makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje ko isassun malamai, ba gwanin aji ba.

Sai dai wane irin shiri? A nan ne ɗalibai masu himma ke yi wa kansu illa. Mutum zai ɗauko babi mai shafi 40 ya ce sai ya fahimce shi tsaf kafin gobe. Ya yi haka kwana uku, ya gaji, ya watsar, ya koma gidan jiya. Ba a nemi ka gane darasin kafin lakca ba. In da za ka iya, ina amfanin malamin? Abin da ake nema bai wuce ka san taswirar wurin ba. Ka bi kanun babin da ƙananan kanunsa, ka tsaya a kan zane da jadawali, ka karanta sakin layin farko da taƙaitawar ƙarshe. Ka tsamo kalmomin da ba ka sani ba, ka nemi ma'anarsu, in da hali ka saurari yadda ake furta su a waya, don kada ka ji su gobe ka ɗauka wasu ne daban. Minti 20 zuwa 30 sun isa ga yawancin darussa.

Abin da ya fi wannan duka ƙarfi, kuma aka fi gudu, shi ne ka gwada amsa tambaya tun ba a koya maka ba. Lindsey Richland da Nate Kornell da Liche Kao sun nuna a 2009 cewa ɗaliban da aka fara yi wa tambayoyi kan wani rubutu kafin su karanta shi sun fi tuna abin da ke ciki daga baya, duk da cewa kusan duk amsoshinsu na farko kuskure ne, kuma duk da an ba rukunin da ba a yi wa tambayoyin ba ƙarin lokacin karatu. Daniel Schwartz da Bransford ɗin nan dai sun ga makamancin haka a 1998. Wasu ɗalibai aka ba su sakamakon gwaje-gwaje su yi ta kwatantawa da kansu, su nemi abin da ya bambanta wannan da wancan, sannan suka saurari lakca. Wasu kuma suka taƙaita rubutun littafi, sannan suka saurari lakcar. Bayan mako guda, da aka ba su sabon yanayi a ce su yi hasashen abin da zai faru, na farkon sun yi wa na biyun nisa. Wani rukunin da ya yi kwatancen har sau biyu amma bai ji lakca ba, shi ma bai kai na farkon ba. Kenan ba a ce lakca ba ta da amfani ba. Tana da shi sosai, amma ga kan da ya riga ya yi karo da matsalar, yake jiran amsa.

A aikace wannan na nufin ka ɗauki tambaya ɗaya daga ƙarshen babin, ko daga tsofaffin takardun jarrabawa, ka yi mata minti biyar. Za ka kasa, kuma ba daɗi. Rubuta daidai inda ka maƙale a saman shafin da za ka yi rubutun gobe. Ɗalibar da ta shiga aji da tambaya biyu a rubuce ba sai an ce mata ta nutsu ba, don tana farautar wani abu ne a cikin maganar malam.

Akwai tarko a nan da ya kamata a sani. Wanda ya karanta babi sau biyu yana ja masa layi da alƙalami mai launi, in ya zo aji komai zai yi masa kama da abin da ya sani, sai ya saki jiki, har ma ya fara ganin zuwa lakcar ɓata lokaci ne. Sabawa da ganin abu daban, iya shi daban. A wani babban bita da John Dunlosky da abokansa suka yi a 2013 kan dabarun karatu guda goma, ja layi da maimaita karantawa suna cikin waɗanda suka sa a sahun ƙasa, gwada kai da rarraba karatu a kan kwanaki suka zo a sama. Hanyar gane gaskiyar lamari mai sauƙi ce: rufe littafin, ka faɗa wa kanka da Hausa abin da babin ke son cewa. Inda bakinka ya tsaya, nan ne ba ka sani ba.

Ba adalci ba ne a ɗora komai a kan ɗalibi. Malamin da ya ce a karanta babi na biyar, sannan ya zo ya karanto babi na biyar ɗin daga farko har ƙarshe ana rubutawa, ya koya wa ajinsa cewa shiri hasarar lokaci ne, kuma ɗalibai ba wawaye ba ne. Eric Mazur, malamin fiziks a Jami'ar Harvard, ya gano wannan a kansa wajen 1990. Ɗalibansa na cin jarrabawa, suna yaba lakcarsa, amma da ya ba su wani gwaji na fahimtar asalin dokokin motsi, ba na lissafi ba, sai ya ga da yawansu dabarar warware tambaya kawai suka haddace. Daga 1991 ya juya tsarin: karatu a gida, a aji kuma ya jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa shi kaɗai, sannan ya juya ya shawo kan na kusa da shi, a sake zaɓe. Gregor Novak da abokansa kuma suka ɓullo da wata hanya a ƙarshen shekarun 1990, inda ɗalibai ke aika amsar 'yan tambayoyi awanni kafin aji, malami ya duba, ya gina lakcar ranar a kan inda suka fi yin tuntuɓe.

Malamai da yawa za su ce ɗaliban yanzu ko an ce su karanta ba za su karanta ba. A Jami'ar British Columbia ta Kanada, Cynthia Heiner da Amanda Banet da Carl Wieman, wanda ya sami kyautar Nobel ta fiziks a 2001, sun ba da rahoto a 2014 cewa kusan kashi 80 cikin 100 na ɗalibansu a manyan azuzuwan fiziks da bayoloji suna yin karatun share fage a kai a kai. Ba wani sihiri suka yi ba. Karatun gajere ne, an ce duba shafi kaza da zane kaza, ka lura da abu kaza. Akwai ɗan gwaji mai ƙaramin maki kafin aji. Kuma malami na komawa ga abin da aka karanta ba tare da ya sake karanto shi ba. A wurinmu inda data da wuta ke wahala, ba lallai sai ta intanet ba. Tambaya biyu a kan allo a minti biyar na farko, a amsa a 'yar takarda, a sa ta cikin makin aikin aji, za ta yi aikin. Lokacin da aka samu a aji kuwa ba ƙaramin abu ba ne: Scott Freeman da abokansa sun haɗa bincike 225 a 2014 kan darussan kimiyya da lissafi da injiniyanci, suka ga kashi 33.8 cikin 100 na faɗuwa a azuzuwan da malami kaɗai ke magana, kashi 21.8 kuma a inda ɗalibai ke aiki da tattaunawa. Wannan adadi na salon koyarwa ne, ba na karatun gida kai tsaye ba, amma ba ka iya tattaunawa da ajin da bai san kan zancen ba.

Sai matsalar da ɗalibinmu zai kawo, kuma da gaskiyarsa: ta yaya zan shirya wa abin da ban san za a koyar ba? Akwai kwasa-kwasan da ba a raba jadawalin darussa a farkon zango, littafin da aka ambata kwafi biyu ne a laburare, takardun malam kuma sai ana saura mako biyu jarrabawa suke fitowa. Ga zangon da ake matsewa bayan yajin aiki. Na ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, a 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma da aka dawo an yi ta haɗa lakcoci ana gudu. Duk da haka ba a rasa madafa ba. Littafin rubutun wanda ya yi kwas ɗin bara yana nuna jerin da malam ke bi, don da wuya ya sauya shi gaba ɗaya. Tsofaffin tambayoyin jarrabawa na nuna abin da ya ɗauka da muhimmanci. In duk an rasa, bitar rubutun lakcar da ta gabata na minti goma kafin shiga aji ita ce mafi arhar shiri, tunda darasin yau kusan kullum a kan na makon jiya ake ɗora shi. Kuma ba laifi ba ne wakilin aji ya tsayar da malam a bakin ƙofa ya ce, "Malam, don Allah me za mu duba kafin mako mai zuwa?" Kaɗan ne za su ƙi amsawa.

Jiki ma yana da nasa haƙƙin, amma ba sai an tsawaita ba. Wanda ya kwana a aji yana karatu har asuba sannan ya shiga lakcar ƙarfe takwas, gangar jikinsa kawai ya kawo. Barci na cikin abin da ke zaunar da karatu a kai. A sa wani abu a ciki ko da ƙosai ne, a zo da wuri a sami wurin da ake jin malam ba tare da an miƙa wuya ba, waya kuma ta shiga jaka, ba kan benci a kife ba.

Lokaci fa? A tsarin jami'o'in Nijeriya, yunit ɗaya na nufin awa ɗaya ta lakca a kowane mako har tsawon zango. A Amurka ƙa'idar hukuma ta ɗauka cewa kowace awa ɗaya a aji na tafe da aƙalla awa biyu na aikin ɗalibi a waje, wato mai yunit 18 zai yi awa 36 a mako shi kaɗai. Ɗalibin da ke tsaron shago da yamma, ko matar aure mai goyo da girki, ba su da wannan. Saboda haka ba kowane kwas za a yi wa shiri iri ɗaya ba. A fara da waɗanda darussansu ke hawa kan juna, irin su lissafi, fiziks, sinadarai, akanta da nahawu, inda rasa mako ɗaya ke rushe makonni uku na gaba. Sai waɗanda sababbin kalmomi suka yi wa yawa, kamar ilimin sassan jiki da na magunguna da shari'a. Su ko jerin kalmomin kawai aka duba an rage kaya mai yawa. Kwasa-kwasan gama-gari da kowane darasi ke tsaye da ƙafarsa za su iya haƙura da kallon kanun babi a cikin mota ko a bakin aji kafin malam ya iso.